Maɗaci a Bayan Rumbu

Rijiyar Zaki, Kano

Zuwa ga Yaya Larai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kina lafiya, ke da ƙaninmu Mati da iyalinsa, kuma aikin kaka yana tafiya daidai. Mu nan sai godiyar Allah. Ramlat ta fara fitowa cin abinci tare da ni, ko da yake har yanzu ba ta shiga ɗakin ɗanmu Zubair ba.

Kin yi ƙorafi cewa ba na ɗaga waya. Gaskiya ne. Tun ranar da muka kai shi makwancinsa na lura alƙalami ya fi muryata biyayya, shi ya sa na ba direban Ɗanbatta wannan takarda.

Maganar garka ce, kusurwar nan ta bayan rumbun Baba. Zubair ya sha yi mini gardama a kanta: shi bishiya yake so a dasa, ni kuwa fure. Yanzu na auna maganar ba tare da abokin gardama ba. Furen da nake nufi na san shi tun ina karatu a Ingila. Rawaya ne, yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu, kuma wani tsohon abokina ya aiko mini da irinsa. Idan aka shuka shi da shigowar sanyi, aka riƙa ba shi ruwa, zai buɗe kafin zafi. Da zuwan bazara kuma ya mutu. Aibinsa guda ne, yana cutar da akuya idan ta ci, don haka sai an killace shi. Bishiya kuwa shekaru take nema, ni kuma na haura sittin. Saiwarta za ta tsaga katanga, inuwarta ta hana miki yakuwa da kuɓewa.

Na zaɓi fure. Ina roƙon ki sa Mati ya share kusurwar tas, kada ya bar ko tsiro. Zan aiko da irin. Ni ba zan samu zuwa ba.

Na bar ki cikin amincin Allah.

Ƙaninki,
Abdulrashid

*

Daga gida

Abdu,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, gero ya shigo, gyaɗa ce dai ba ta yi ba bana. Ka gaishe mini da Ramlatu, ka ce mata kullum tana cikin addu'ata.

Takardarka ta zo, sai da na zauna na karanta ta a tsanake, don Hausar taka ba ta karantuwa a tsaye. Wato duk karatun nan naka, guba za ka kawo wa awakina daga Ingila? Abin da ba a miya da shi, ba a shan inuwarsa. Allah ya shirye ka, Dakta.

To ka saurara. Mati ya shiga da fartanya ya fito bai sari komai ba. Akwai ɗan maɗaci a kusurwar, ya kai gwiwa. Zubairu ne ya dasa shi da ya zo Babbar Sallah, bayan ruwan farko. Da hannunsa ya kewaye shi da ƙaya, har ta yage masa rigar Sallah. Ya ce kar in gaya maka sai itacen ya fi ka tsayi, lokacin gardama ta ƙare da kanta. Bayan rasuwarsa na ci gaba da yin shiru, don na ga ko sunansa ba ka iya ji. Yanzu kai ka taɓo wurin.

Malam Sha'aban maƙwabcinmu ya riga ya leƙo ta katanga, ya ce maɗaci ba itacen cikin gida ba ne.

Me za a yi? Ka huta lafiya.

Yayarka Larai

*

Rijiyar Zaki, Kano

Yaya,

Assalamu alaikum. Na karɓi saƙonki, na gode. Na yi jinkirin amsawa saboda ban so in rubuta abin da ban tantance ba.

Malam Sha'aban yana da gaskiya, kuma haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne. Maɗaci babban itace ne. A ƙasarmu, inda gida ke jingine da gida, gona ke shan iyaka da gona, babu wanda yake da filin da zai ba shi. Nan da shekaru kaɗan zai rufe tsakar gidan mutumin, sannan masu neman maganin ciki su fara tsallako katanga suna ɓare masa ɓawo. Zubair ya san wannan, gandun daji ya karanta. Ƙuruciya ce ta rinjaye shi.

Saboda haka shawarata tana nan, sai gyara ɗaya: kada a sare shi. Mati ya haƙo shi da ƙasarsa, a kai shi bakin masallacin Juma'a, ya zama sadaka ga yaron.

Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa Ramlat ba. Fure yana zuwa ya tafi, kuma na san lokacin tafiyarsa tun kafin in shuka shi. Wannan zan iya ɗauka. Amma in riƙa zuwa gida duk shekara ina tarar da wani abu ya ƙara tsayi, alhali wanda ya dasa shi ya tsaya a inda ya tsaya, ban ga ina da wannan ƙarfin ba. Ina roƙon kada ki mayar mini da amsa a kan wannan sakin layi.

Wassalam.

Abdulrashid

*

Daga gida

Abdu,

Sallama da gaisuwa. Ka ce kar in amsa, to ban amsa ba. Wata magana ce daban.

Mati ya fara haƙa jiya, ya zagaye gindin, sai na ce ya dakata. Lokacin da aka haifi Zubairu kana Ingila, hoto kawai aka aika maka. Ramlatu a ɗakin Inna ta haihu. Ni na ɗauki mabiyiyar na wanke, na binne ta a kusurwar nan, cibiyar ma da ta faɗi nan na sa ta. Ba ka taɓa tambaya ba, maza ba sa tambaya. Shi ya tambaya. Ranar Sallar nan ya ce, “Gwaggo, wai da gaske ne ana cewa inda aka binne cibiyar mutum, ko dai magana ce kawai?” Na kama hannunsa na kai shi. Ya yi dariya ya ce, “Ashe ina da fili a garin nan.” Washegari ya dawo da ɗan itacen a leda.

Ba ƙuruciya ba ce, wurin ya zaɓa.

Ga halin da ake ciki. Mai unguwa ya sa an yi shela, an gama kwashe amfanin gona, bayan sallar Juma'a kowa zai saki dabbobinsa. Katangar garka ka san inda ta zube. Ƙayar da Zubairu ya sa ta ruɓe da damina, ga saiwa a buɗe. Akuya ɗaya ta ishe shi.

Ni ba zan sa a cire ba, ba kuma zan sa a killace ba. Ɗanka ne. Duk wanda za ka yi, ka zo ka yi da hannunka.

Larai

*

Rijiyar Zaki, Kano

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna tafe ranar Alhamis in sha Allahu, ni da Ramlat. Ita ta nemi zuwa bayan ta karanta takardarki. Na sayi wayar shinge da turaku. Irin furen ma zan zo da shi, shinge ɗaya ya ishe su.

Malam Sha'aban ni zan je in same shi. Ban san abin da zai ce ba.

Ki gaya wa Mati kada ya mayar da ƙasar. Ni zan mayar.

Ƙaninki,
Abdulrashid