Wane Kirim Tsoho Yake Nufi?

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau na fara aikin kula da Tsoho. Gwajin sati uku ne. In 'yarsa ta gamsu, kamfani ya bar ni a aikin. In ba ta gamsu ba, in koma kujerar falon Yaya in ci gaba da kallon silin.

Shekararsa tamanin da ɗaya. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye wata biyar da suka wuce. Da malamin jami'a ne, lissafi yake koyarwa. Yanzu yana kan keken guragu a bakin taga, gemu ya cika masa fuska buzu-buzu, kuma kalma ɗaya ce ta rage masa a baki, ta Turanci: kirim.

'Yar tasa lauya ce, tana magana kamar an biyo ta. Madam nake ce mata. Ta ce, "Kada ka kula. Likita ya ce kalmar ce kawai ta maƙale, ba ta nufin komai." Mutum biyu aka kawo kafin ni, duk ba su daɗe ba.

Talata, 7 ga Oktoba

Sau goma sha huɗu ya faɗa yau, na ƙirga. Kuma cikin idona yake kallo in zai faɗa. Mutumin da ba ya nufin komai ba haka yake kallo ba.

Na ɗauko man da nas ta bari na shafa masa a ƙugu da dundunniya, tunda shi ma kirim aka rubuta a jikinsa. Ya bari na gama tsaf, sannan ya dube ni ya ce, "Kirim." Kamar ban yi komai ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na tambayi Yaya. Dariya ta yi har da riƙe ciki. Wai, "A wurinmu dai in an ce mace ta shiga kirim ka san zancen. Ko tsohon naka fari yake son ya ƙara?" Mijinta ya ce shi a wajen 'yan kallon ƙwallo yake jin ta, in an yi wa ƙungiya dukan kawo wuƙa. Ba wanda ya taimake ni.

Na duba ƙamus a waya cikin bas. Ashe kalmar nan rumbu ce. Maiƙon da ke tasowa a saman madara. Man shafawa. Launi, tsakanin fari da ruwan ƙwai. Abin da ake sa wa a tsakiyar biskit. Har mutanen da suka fi kowa a cikin taro ana ce musu haka. Ni da nake taƙama na yi sakandare.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Gwada launi na yi. Akwai wata rigar sanyi mai wannan kalar a kabad ɗinsa. Na nuna masa, na sa masa. Da hannunsa mai lafiya ya cire ta, ya ɗauki kusan minti biyar yana fama, bai yarda na taya shi ba. Ya jefar a ƙasa.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Innalillahi.

Na ga ƙaramin kwalin kirim na madara a firij, wanda Madam ke zubawa a kofinta. Na ce to ko wannan ne? Na haɗa masa shayi na zuba. Garin ɗoki na manta garin da ake sa masa a duk abin sha don ya yi kauri, saboda haɗiya tana ba shi wuya. A rubuce yake a jikin firij da jan biro. Na gani ranar farko. Na gani.

Kurɓa biyu ya yi ya ƙware. Fuska ta yi ja, ido ya firfito, numfashi ya ƙi fita. Na sunkuyar da shi ina bubbuga bayansa ina salati da ƙarfi. Ban san tsawon lokacin ba. Ya dai dawo.

Na kira nas, ta zo ta saurari ƙirjinsa, ta ce a sa ido kan zazzaɓi kwana biyu, don in ruwan ya shiga huhu matsala ce. Na rubuta a littafin aiki yadda abin ya faru, ban rage komai ba. Madam ta karanta a tsaye da jakarta a kafaɗa. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. "Na gaya maka ka rabu da kalmar nan. An kawo ka ka kula da shi ne, ba ka yi masa tafinta ba."

Asabar, 11 ga Oktoba

Ba ni da aiki yau. Wayar tana hannuna tun safe. Duk ƙarar da ta yi sai in duba ko nas ce.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Ba zazzaɓi, in ji nas. Alhamdulillahi. Shugabarmu ta kamfani ta kira, ta ce wannan gargaɗi ne na farko kuma na ƙarshe.

Uwar yarana ta tambaye ni aiki, na ce lafiya lau. Me zan ce mata daga nesa?

Litinin, 13 ga Oktoba

Na yi wa kaina alkawari: wanka, magani, abinci, juya shi kowane awa biyu. Shi ke nan. Ya ce kirim, na ce, "To, ranka ya daɗe," na ci gaba da ninke tawul. Da la'asar ya daina faɗa. Ya juya fuska ga bango.

Wai hankalina ya kamata ya kwanta.

Laraba, 15 ga Oktoba

Madam ta dawo da wuri, ta same ni ina goge hotunan kan kanta. Akwai ɗaya na samari bakwai cikin rigar kammala karatu. Ta nuna na tsakiya. Ta ce su ne kirim na shekararsu, wato zaɓaɓɓu, su aka tura ƙaro ilimi. Sai ta ji abin da ta faɗa, ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta shige ɗaki.

Na daɗe ina kallon hoton. Da ƙyar na gane shi ne.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na makara da safe, na yi aski a gurguje na fito ko madubi ban duba ba. Ina sunkuye ina ɗaura masa takalmi sai na ji ya cafke min kunne. Wallahi na tsorata, na zaci duka ne. Ashe kumfar aski ce ta bushe a bayan kunnena. Ya lakato ta da yatsa, ya kai hanci, ya shafa a gemunsa.

"Kirim," ya ce. A hankali, kamar mai koya wa daƙiƙin ɗalibi.

Kwana goma. Shayi, riga, man ƙugu. Mutum aski yake so.

Na buɗe kabad ɗin banɗaki, can baya na samu burushin aski mai mariƙin katako, da kwano, da tulun kumfa da ya kusa ƙarewa. Na kawo masa. Ya rungume burushin a ƙirji.

Yanzu kuma ya zan yi? An ce in rabu da kalmar.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Na faɗa wa Madam. Sai da na maimaita jimlar sau uku a bas don kada Turancin ya watsa min ƙasa a ido.

Ta ce a'a. Yana shan maganin da ke tsinka jini, ƙaramin yanka zai iya zama babban abu. Sun gwada injin aski a asibiti, ƙarar ta sa shi ihu, shi ya sa aka bar gemun. Na ce a tambayi nas. Ta ce, "Kai ne fa ka kusa kashe shi da shayi." Gaskiya ta faɗa.

Tsoho yana jin mu. Sai ya fara buga burushin a hannun kekensa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Bai daina ba sai da ta ɗauko waya ta kira nas.

Nas ta ce ana iya yi, da sabuwar reza mai kariya, kuma tana wurin. Litinin.

Mijin Yaya ya ce, "Kai dai gemun wani zai kama da wuta, naka za a shafa wa ruwa ko a aske." Yaya ta ce in bar abin, saura sati ɗaya gwajin ya ƙare, me ya kai ni? Ban san me ya kai ni ba.

Litinin, 20 ga Oktoba

An yi.

Na fara rage gashin da almakashi. Ruwan ɗumi, tawul. Da na zo haɗa kumfa sai ya ƙwace burushin, ni na riƙe kwanon, shi ya kaɗa da hagu har ta tashi fara sol. Shi ya shafa wa kansa, rabi a kunci rabi a riga. Nas tana dariya. Madam tana bakin ƙofa ta harɗe hannuwa.

Ɓangaren hagu lafiya lau. Na dama, inda fatar ta saki, sai na ja da yatsa biyu. A ƙarƙashin haɓa ya yi tari, reza ta taɓa. Ɗan ƙaramin yanka, bai kai ƙwayar gero ba, amma jini ya biyo kumfa ya gangaro wuya. Na danna auduga. Nas tana duba agogo. Minti ɗaya, uku, biyar. Ina jin zufa tana bin bayana. A minti na bakwai ya tsaya.

Na ɗauka an wuce wurin. Sai ya nuna bangon da ke saman wurin wanke hannu, inda ƙusa take ba komai a jikinta. Ashe Madam ce ta cire madubin tun dawowarsa daga asibiti. Ta ce, "Baba, bari sai gobe." Ya ci gaba da nunawa. Ta je ta ɗauko.

Gemun ne ya ɓoye abin. Bakin ya karkace sosai, kuncin dama ya zubo. Ya kalli kansa, ya kalla, ya kalla. Ya taɓa gefen bakin da yatsa. Sannan ya kife madubin a cinya ya rufe ido.

Madam ta fita baranda. Na ji tana kuka.

Talata, 21 ga Oktoba

Bai ci abin kirki ba. Bai ce komai ba, ko kalmar tasa. Ni na jawo. Da na bar mutum da gemunsa.

Laraba, 22 ga Oktoba

Haka dai. Cokali huɗu. Ban iya haɗa ido da Madam ba. Na fara tunanin abin da zan gaya wa uwar yara.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ina shiga da safe na tarar da madubin a jingine a kan tebur, yana kallonsa. Gashi ya fara tsirowa fari-fari. Ya shafa haɓa, ya ɗaga ta sama, ya harare ni kamar na yi latti.

"Kirim."

Na dubi Madam. Tana neman makullin mota. Ba ta juyo ba ta ce, "Rezar tana aljihun tebur na biyu. Na sayo fakiti. Kira nas ka ji ko sai tana nan."

Nas ta ce in yi, amma a hankali. Ba yanka yau. Da na gama ya duba hagu, ya duba dama, ya nuna min wani wuri kusa da kunne da na tsallake. Ya cinye abincinsa tas.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Shugabarmu ta kira. Na ci gwaji. Ta ce kuma akwai wani gida da ake neman mai kula, mutumin yana tafiya da ƙafarsa, yana magana, ba ɗagawa ba juyawa, kuma kusa da mu. Ta ce in na so Litinin in fara can, a tura wani wurin Tsoho.

Na ce mata bas ɗin can ba ya min daidai.

Yaya tana kicin tana ji. Ta leƙo da ludayi a hannu ta ce, "Bas ɗin da ke tashi a ƙofar gidan nan?" Na ce ta rage wutar, miyarta tana ƙonewa.