Tayi na Uku

Tehran, 4 ga watan Mehr

Golnar 'yata,

Gaisuwa mai yawa. Ya Kaveh da yara? Tarin ƙaramar ya lafa? Mu lafiya lau, in dai ci da barci ake nufi.

Babanki ya bar jami'a. Ba korarsa aka yi ba, daina zare ido. Sabon shugaban, Dakta Ranjbar, ɗalibinsa ne ma a da, ya ce masa a gaban malamai, "Malam, a ƙara maka shekara uku mana." Kin san babanki da ta'arof, al'adar nan tamu ta kara, ko ruwa ne sai ya ƙi sau biyu, ya karɓa a na uku. Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba, ni a wa? Na tsufa, a ba yara." Sai mutumin nan ya ce, "Yadda ka ce, Malam," ya sa aka tafa masa.

Shi ke nan fa. Mutumin da ya bar yatsu uku a bakin daga, ya riƙe runduna, ya shekara goma sha biyu a majalisa ana zaginsa yana ramawa. Duk ya bar su bai waiwaya ba, don yana da ajinsa na ranar Talata.

Na ce ya kira ya ce ladabi ne kawai. Ya ce, "Mahvash, Ranjbar ba baƙo ba ne. Zai sake tayi."

Ki gaida kowa.
Mamanki, Mahvash

Tehran, 10 ga watan Aban

Golnar,

Ina fata kuna lafiya. Ba a sake tayin ba. Ajin Talata an ba wani.

Kullum sai babanki ya gyara gemu, ya sa kwat, ya zauna da waya a cinya har azahar. Ni ban yi kuka ba. Na lalubi zuciyata, wallahi ko haushi ban samu ba. Ina dafa shinkafa, ina wanke tukunya.

Shekara arba'in da ɗaya ina miƙa masa ƙanzo yana cewa, "A'a, ci abinki," na sake ya ƙi, sai a na uku ya karɓa yana murmushi. Jiya na miƙa masa sau ɗaya. Ya karɓa, ya cinye, bai ko dube ni ba.

Ki zo, Golnar. Kar ki jira na faɗa sau uku.

Mamanki, Mahvash