Shekara Biyun da Sabitu Ya Yi a Jami'a

Zongo, Lome
4 ga Maris

Ɗana Sabitu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Batul da yara. Yaya zafin Kwatano? Ta hannun Salifu direba na aiko wannan, don maganar ba ta waya ba ce, gidan nan kunnuwa sun yi yawa. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannun da ya fara riƙe biro a shekara hamsin ne.

Takardar jami'ar da ka aiko, Malama Umu ta makarantarmu ta manya ta fassara mini ita. Na gane za su lissafa maka shekara biyun da ka yi kafin rasuwar mahaifinka, ka haɗa da darasin kasuwanci da na kwamfuta yadda ka ga dama, kana karatu ta waya ba tare da ka bar aikin sito ba. Na yi murna.

Sunan fa, Sabitu? Ka sani kana da shekara goma aka ce ka yi girma da shiga lakwal, wato makarantar boko, ni kuma na ari takardar haihuwar Alasani, ɗan baffanka Kimba, na kai ka da ita. Kowa haka yake yi a lokacin. Duk jarrabawar da ka ci da sunansa ka ci, katin shaidarka na yanzu kuwa sunan Sabitu ke kai. Zan je wurin baffanka, ya zo kotu mu yi rantsuwa a gyara.

Mahaifiyarka,
Ajaratu

19 ga Maris

Ɗana,

Ina fatan tarin Batul ya yi sauƙi. Mu nan lafiya, sai ƙafa.

Na je Kakabeli na sami baffanka. Ya karɓe ni da lemo da fara'a. Na zauna na yi masa bayani dalla-dalla, yadda ake karɓar manya, yadda ba sai an zauna a aji ba, har ranar rufe rajista. Da ya nuna bai gane ba, na bar masa takardar jami'ar don Alasani ya karanta masa.

Jiya ya aiko mini da amsa, ya ce ba zai taka kotu ba. Ashe shekara tara ke nan Alasani da takardun karatunka yake aikin akawu a tashar jiragen ruwa. Waɗanda ka bari a akwatin mahaifinka, baffanka ya kwashe ranar rabon gado, ni ina kallo na ɗauka takardun fili ne. Ya ce in an tona, yaron zai rasa aiki, ga 'ya'ya huɗu. Ya ƙara da cewa ai sunan ɗansa ne, mu muka ara.

Na tambayi wani magatakarda a asirce. Ya ce in na kai ƙara ni kaɗai, mai yiwuwa a soke takardun gaba ɗaya, kai ka rasa, shi ya rasa. Ka rubuto ka faɗa mini abin da zan yi.

Taka,
Inna

11 ga Afrilu

Sabitu,

Ina gaishe ku duka. Saƙonka ya iso. Ka ce a bar wa Allah, ba za ka koma aji ɗaya kana da shekara talatin da takwas ba, ka haƙura da karatun. Layi uku ka rubuta, ba ka ko tambayi ƙafata ba. Ban ga laifinka ba.

Gara ka ji wannan daga gare ni. Alasani ya yi rajista. An lissafa masa shekara biyunka, saura masa ɗaya ya karɓi digiri. Ranar Juma'a baffanka ya miƙe a masallaci ya roƙi a yi wa ɗansa addu'a, zai koma ya ƙarasa jami'a, mutane suka ce amin. Alasanin da bai wuce aji huɗu ba. An ce wani malami suka ɗauka a Jijole zai riƙa yi masa aikin.

Ba su san da wannan hanyar ba, ɗana. Ni na kai musu ita har gida, a kan zemijan, babur ɗin haya, da kuɗina. Na tuna yadda kake zuwa jami'a da ƙafa, da garin rogo a aljihu.

Asabar za su yi walima. Matar baffanka ta aiko da shinkafa mudu shida, ta ce ba wanda ya iya waina kamata a dangi. Na so in mayar, amma ɗakin da nake kwana na baffanka ne, kai ma ka sani. Na jiƙa shinkafar ɗazu.

Za su kira ka a waya su gayyace ka. Kada ka zo.

Mahaifiyarka,
Ajaratu