Labulen Inna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ya yaranki da rigimarsu? Ni lafiya lau nake, kada ku damu.

Makon nan na sha fama da 'yan ajina na sakandare. Ina so su gane yadda iskar da muke shaƙa ke ratsa fatar ƙwayar halitta, daga inda ta yi yawa zuwa inda ta yi ƙaranci, alhali manyan abubuwa ba sa wucewa. Na zana, na maimaita, suka zuba min ido kawai. Da haushi ya ishe ni, sai na ba su labarin labulen ɗakin girkin Inna: ƙamshin albasa ya ratso ya same mu, amma ni da ke, ko yatsa muka zura sai ludayi ya sauka a kai. Suka kwashe da dariya, kuma wallahi suka gane!

Ɗakina a nan ba abin da ke ratsa shi. Ba ƙamshin girkin maƙwabta, ba kukan ɗan kowa. Ana barci sosai dai, in barcin ya zo.

Wata yarinya ta ce, "Malama, abin da ya fita, yana komowa?" Na ce eh, kullum wasu na komowa. Sai na juya na yi ta goge allon da ba komai a kansa.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Na ji kina shirin sauya labulen nan. Don Allah ki bar shi, ina nan zuwa in sha ludayina.

Ƙanwarki