Keken Ɗinki a Ɗakin Takaba

Zuwa ga ƙanena Lurwanu, a Arlit.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta 'yan uwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Mu nan Agiye sai godiya. Zafi ya kai inda yake kaiwa, mun gama sharar gona, an kai taki, muna ta kallon gabas. An ce ruwa ya sauka wajen Gangara, amma mu iskarsa kawai muka sha. Gwiwata tana nan da halinta, ita ke faɗa mini lokacin zama. Yaya haƙurinmu kuma? Allah Ya jiƙan ɗanka Mustafa, Ya sa ya huta.

Saƙonka na waya ya iso, na saurare shi har sau biyu. Ka ce da zarar Hafiza ta fita takaba a sa ta a mota ta zo wurinka, tunda wanda ya ajiye ta ya tafi. Ban amsa ta waya ba, don maganar waya kamar fura ce a kasuwa, kowa na kusa sai ya kurɓa. Kai ka haife ta, ban musa ba. Amma ni na karɓa wa ɗan namu Mustafa aurenta, a gidana take zaune, akwai abin da na gani wanda ba a gaya maka ba.

Ka san shekara biyu ke nan tana lakol, makarantar koyon sana'a ta garin nan, ɓangaren ɗinki, kuma bana za ta gama. Dokarsu ita ce duk wanda ya daɗe bai zo ba sai a cire sunansa a ba wani gurbin, don masu jira sun fi kekunan yawa. Wanda ya rubuta dokar bai tuna da mai takaba ba. Mu ma ba mu tuna da lakol ba, muna ta karɓar gaisuwa. Wadda ta tuna ita ce Madam Naja'atu, matar da aka ɗora wa kula da lamuran ɗalibai. Aikinta ke nan: wanda ya daina zuwa ta bi sawunsa, ta ji ko ciwo ne, ko yunwa, ko gida.

Yadda ta bi da darektansu shi ne abin da nake so ka ji, kai da ke da mutane a ƙarƙashinka da wasu a samanka. Ita ta ba ni labari da bakinta. Ta ce ranar da aka karanta sunan Hafiza cikin waɗanda za a cire, a taron malamai ne, ba ta ce uffan ba. Ta san mutumin. In aka yi masa gyara gaban jama'a, ko ya ga gaskiya sai ya kafe. Sai da aka watse ta bi shi buro, wato ofishinsa, ta ce ba zancen doka ya kawo ta ba, tuni kawai take masa cewa ɗalibarsu ta yi rashin miji kuma lakol ba ta je gaisuwa ba. Wane Bahaushe zai ce ba ya zuwa ta'aziyya? Ya zo, ya zauna a zaurena, muka yi addu'a. Aka shiga da shi ya gaishe da Hafiza daga bakin ƙofa, ya tarar tana yanka takardar buhun siminti da almakashi, tana fitar da hannun riga don kada ta manta. Ya fito yana ta goge tabarau. Gani ya kori ji.

A hanya Madam ta kawo masa shawara. Ta ce ai mai takaba ba a barinta ita kaɗai, dole mata su riƙa zuwa taya ta zama. To me zai hana masu taya zaman su zama 'yan ajinsu, kullum da la'asar a turo biyu su maimaita mata abin da aka koya? Ya ce keke fa? Ta ce akwai wani tsoho a sito da ba a amfani da shi. Ya ce in sufeto ya zo daga Maraɗi ya tarar kayan gwamnati a gidan mutane, wuyan wa za a kama? Ta ce nata, a rubuta haka. Ya ce a'a, a rubuta nasu su biyu.

Ranar da amalanken jaki ya sauke keken a ƙofar gida, yayarmu Batulu ta tayar da ƙura. Ta ce tunda aka haife ta ba ta taɓa jin ƙarar keke a ɗakin takaba ba, mutane za su ce ba mu ji mutuwar ba. Na je na tambayi liman, ya ce kwalliya aka hana mai takaba, ba a hana ta aikin hannu ba. Batulu ta ce liman yaro ne. Yanzu in ka shigo da la'asar, ita ce zaune kusa da keken tana tsinke zare, tana yi wa 'yan matan faɗa wai kalmasarsu ta karkace.

Ban iya kwatanta maka yadda yarinyar nan take a makonnin farko ba. Abinci sai an tsaya a kanta. Ni kaina ba na son shiga cikin gida, don shirun ya yi mini yawa. Ban ce keke ya warkar da ita ba, wannan ciwo ba ya jin magani. Amma tana tashi, tana jiran la'asar.

Ga inda maganar take. Jarrabawarsu tana zuwa jim kaɗan bayan fitarta, sannan a tura su wajen teloli su yi wata uku suna aiki kafin a ba su takardar shaida. In ta hau mota yadda ka ce, shekara biyu sun zube. Kuma ba ita kaɗai ba. Darekta ya gaya wa Madam cewa wannan gwaji ne. In Hafiza ta zauna jarrabawa, zai kai maganar sama a gyara dokar, in kuwa ba ta zauna ba, kada a sake kawo masa irinta. Mutuwa kuwa ba ta gama da mazan garin nan ba.

Na tambayi Hafiza ra'ayinta. Ta sunkuyar da kai ta ce ba za ta saɓa maka ba, in ka ce ta taho, da kanta za ta sa a mayar da keken. Abin da ya sa na zauna rubutu ke nan, don na san za ta aikata. Na san tausayi ne ya sa ka kira ta, kana so ka ga 'yarka a gabanka. Ni ma na so in ga nawa. Ka ara mini ita zuwa kaka, ta zo maka da sana'a a hannu. Ban taɓa roƙonka komai ba tun kana bina kiwo, yau na roƙa.

Ka gaishe da Fati da Hamdiya, da su Abdu da Ridwanu. Batulu tana gaishe ka, ta ce in gaya maka bakinta da nawa ɗaya ne, abin da bai taɓa faruwa ba. Hafiza tana gaishe ka da ladabi. Ba ta ɗaure kaya ba, ba ta kuma karɓi lambar jarrabawa ba. Amsarka take jira.

Allah Ya sada mu da alheri.

Yayanka,
Ɗanasabe, Agiye.