Laimar Kwaɗi a Ɗakin Malam

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Ya ƙafar taki? Mu nan Ruwan Godiya mun gode Allah.

Tun rasuwar maigidana Malam ba wanda ya taka gonarmu, dajin ba ya shiguwa saboda rashin tsaro. Wata malamar gona ta koya mana noman laimar kwaɗi, irin wadda ake ci, cikin leda da ɓuntun shinkafa. Laimar ba ta son rana, sai duhu da danshi, ɗakin da ya rage kuwa na Malam ne. Na daure na buɗe shi na jera ledojin a ciki, kullum ina yayyafa ruwa ina hawaye.

Ta fito fara tas. Na yi miya, yara suka sha har da ƙari. Amma Inna, mahaifiyarsa, ta ture kwano. Ta ce, "Ɗana mai cika rumbu da dawa, yau tsiron juji ake nomawa a ɗakinsa?" Tun ranar ba ta cin girkina, sai ramewa take. In na daina noman kuma, me zan ba marayun nan?

Don Allah ki kira ta, tana jin maganarki. Ki sa mu a addu'a, ki gaida Alhaji.

Ƙanwarki,
Rabi