Sun Yi Mini Saukar Alƙur'ani a Kan Ciwon da Ba Ni da Shi

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin a fara zagina a karanta har ƙarshe, ni ma na zagi kaina ya ishe ni.

Ni malamar Tarihi ce a wata sakandaren 'yan mata a yankin Talata Mafara, kuma ni kaɗai ce mai koyar da darasin a duk makarantar. Ina son aikina, amma tun da na gama digiri na biyu zuciyata ke wajen kwalejin horar da malamai. Can zan yi bincike a kan tarihin Zamfara, in koyar da waɗanda gobe za su koyar da wasu, maimakon in ƙare rayuwata ina faɗa da masu gyangyaɗi bayan tara. Laifi ne mutum ya so ci gaba?

Da aka kira ni ganawa a wata kwaleji, kunya ta hana ni gaya wa shugabar makarantarmu. Sai na ce mata gyambon ciki ke damuna, zan ga likita a Gusau. Aka sake kirana, na sake cewa likita. Ƙaryar da na yi don in samu hutun yini ɗaya sai ga ta ta zagaye makaranta.

Akwai ɗalibata 'yar ajin ƙarshe, bari in kira ta Rukayya. Lokacin da iyaye suka yi ta janye 'ya'yansu saboda rashin tsaro, mahaifinta, wani malamin zaure a Maradun, shi ma ya ɗauke ta. Ni na hau mota na same shi, na durƙusa na roƙe shi, don yarinyar ta fi kowa kai a ajina. Ya ce, "Malama, ɗiyar ga amana ce. In kin tabbata kina nan har ta ƙare, ki tahi da ita." Na ce ina nan. Da bakina na faɗa, ba wanda ya tilasta ni.

To, Rukayya ta je gida hutun ƙarshen mako ta ba da labarin ciwona. Ta dawo da galan na rubutu da kwalbar zuma. Ta ce, "Baba ya tara ɗalibainai sun yi miki sauka, ya ce ki sha wanga da safe." Ta tsaya a kaina tana jira. Na sha, jama'a. Na sha ayoyin Allah a kan ƙarya, yarinya na ce mini sannu. Tun ranar abinci ba ya mini daɗi, har na fara tsoron ko ciwon ne zai zo da gaske.

Yanzu kwalejin ta ɗauke ni, kuma sun ce wanda bai kama aiki a zangon nan ba za a ba wani gurbinsa. Ita kuwa jarrabawar su Rukayya sai bayan watanni. In na tafi babu mai ƙarasa musu darasin, kuma na san Malam, ranar da ya ji na tafi ranar zai aiko a ɗauko 'yarsa. In na zauna, yaushe irin wannan dama za ta sake zuwa wa mace irina da ba ta da kowa a sama? Ina shiga aji ina koyar da yadda sarakuna suka karya alkawari, idona ba ya iya kaiwa layin da Rukayya take zaune.

Jiya ta same ni da murna, wai Baba ya ce ranar Juma'a zai zo da kansa ya duba ni, ya ji abin da likita ya ce. Dattijo zai biyo wannan hanya mai hatsari don ya gaida mai lafiya.

In gaya masa gaskiya in rasa mutuncina, ko in ajiye aikin kwalejin in ci gaba da shan rubutu? Juma'a ta kusa. Don Allah, me zan yi?